Gauraka da Fiyano Mai Maimaita Magana

An yi wani Gauraka mawaƙi a dajin bakin tafki, mai zaƙin murya da ji da kai. Yana da abokan kiɗa biyu: Kwaɗo makaɗin kalangu, wanda bakinsa ba ya shiru, da Bushiya mai son taɓa duk wani sabon abu.

Wata rana Bushiya ta zo wurin gwaji rungume da wani ɗan ƙaramin fiyano mai batir. Ta danna nan, sai ga kukan goge. Ta danna can, sai ga algaita.

Kwaɗo ya leƙa ƙarƙashinsa, ya leƙa bayansa. "Ke Bushiya, ina mai gogen ya ɓuya?"

"Babu kowa a ciki," in ji Bushiya. "Ka ga jan maɓallin nan? In ka danna shi, sai ya kama abin da ya ji ya yi ta maimaitawa. In ka ƙara wani kiɗan, sai ya ɗora a kan na farko."

"To, yaya ake tsayar da shi?"

"Nan ne ban kai ba tukuna. Jiya sai da na tura shi can ƙuryar rami kafin na samu sakewa."

Gauraka bai saurari wannan ba, lissafi yake yi a zuci. Ya miƙe wuya ya ce, "Ashe ga kalangu, ga goge, ga amshi duk a wuri guda. To, me zan yi da ku? Gobe a sunan jikar Inna Barewa ni kaɗai zan tsaya. Ara mini shi."

"Haba Yaya Gauraka, ko ni ban gama gane kansa ba!"

"Ke ce ba ki gane ba," in ji shi, ya sunkuce fiyanon ya tashi sama.

Washegari da la'asar fili ya cika, har da Kwaɗo da Bushiya cikin 'yan kallo. Gauraka ya hau kututture, ya danna jan maɓalli, ya sa baki ya kaɗa sautin kalangu a fiyanon. Kiɗa ya kama zagayowa da kansa. Ya ɗora goge a kai. Dabbobi suka yi ta waige-waige suna neman makaɗa.

Ya gyara murya zai fara waƙa: "Ehem!"

Sai fiyano ya ce, "Ehem! Ehem! Ehem!"

Gauraka ya juya a fusace, don a zatonsa Kwaɗo ne. "Wa ke kwaikwayona?"

"Ehem! Wa ke kwaikwayona? Ehem! Wa ke kwaikwayona?"

Inna Barewa ta matso. "Malam Gauraka, da wa kake faɗa?"

"Ba ni ba ne, Inna!"

"Da wa kake faɗa? Ba ni ba ne, Inna! Ehem!" in ji fiyano.

Inna Barewa ta dafe ƙirji. "Ni kuma yaushe na sake magana?"

Gauraka ya shiga caccakar maɓallai da baki. Algaita ta tsala ihu, kalangu ya ƙara sauri, muryarsa ta sirance ta koma kamar ta ɗan tsako. Masu rawa suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ba su san wane kiɗa za su bi ba. Jaririya ta fashe da kuka, kukan ma ya shiga ciki. Wasu suka fara tattara 'ya'yansu, wai aljanu sun sauka.

"Bushiya, zo ki kashe shi!" in ji Gauraka.

"Ai na gaya maka ban iya ba!"

Kwaɗo ya ga taron Inna Barewa zai watse. Ya kasa kunne, ya gano inda hayaniyar ke komawa farko, sai ya rataya kalangunsa ya bi ta da kiɗa. Bushiya ta kama tafi. Can sai yara suka ɗauki amshi: "Wa ke kwaikwayona? Ba ni ba ne, Inna!" Waɗanda suka tafi suka dawo, rawa ta ɓarke, har Inna Barewa ta taka.

Gauraka ya buɗe baki zai rera waƙar da ya shirya, amma ba mai jinsa. Haka ya tsaya a kan kututture, kai a sunkuye, har batir ya mutu.

Bayan kwana biyu ya kai wa Bushiya fiyanonta, ya roƙi su koma kiɗa tare. Suka yarda. Sai dai duk bikin da suka je, da ya fara waƙar kirki sai jama'a su ce, "A'a, waccan muke so! Yi mana ehem!"

Darasin wannan labari shi ne, kada ka wulaƙanta abokan aikinka saboda ka samu sabon kayan aiki, kuma kada ka kai abu gaban jama'a kafin ka koye shi. Na'ura tana maimaita abin da ta ji ne kawai, kuskure ko daidai. Aboki ne ke jin ka kauce ya tare maka.