Wuyan Mai Agogo da Hannun Auta

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo, kowa a layinsu Mai Agogo yake ce masa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, teburi ɗaya, fitila ɗaya, sai gilashin da yake maƙalawa a ido. Shekara talatin da biyar yana sunkuye a kan teburin nan, har wuyansa ya sandare. In an yi masa sallama daga gefe, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

Ya sha ƙwayoyi, ya shafa man zafi, ya canza matashin kai sau uku. Ciwon ya lafa kwana biyu, ya sake dawowa.

Amma akwai abin da ya fi wuyan cin ransa, shi ne ba ya faɗa wa kowa. Yana da 'ya, Auta, wadda ya ci burin ta zama likitar tiyata. Ranar da ta ce ita ɓangaren gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi take so, sai ya yi dariya a gaban baƙi.

"Duk karatun nan a tausa za ki ƙare? Ai da kin faɗa tun wuri, da ban wahalar da kaina ba."

Da ta gama karatu, ko taron bai je ba. Ta sami aiki a wani gari mai nisa, ta tafi.

Shekara shida kullum tana kiran mahaifiyarta, shi kuwa gaisuwar minti ɗaya ce tsakaninsu. Sai dai in matarsa tana waya da ita, yakan rage muryar rediyo, ya tsaya kusa da ƙofa yana laluben aljihun rigar da ya san babu komai a ciki.

"Malam, ka kira yarinyar nan ta duba maka wuyan mana," in ji matar. "Aikinta ne fa."

"Ciwon wuya ne, ba ciwon ajali ba. Ki bar ni."

Kusa da shagonsa akwai wani mai aski, wanda in ya gama wa mutum aski yakan murɗe masa wuya har ya yi ƙara. Wata rana ya ga Mai Agogo yana cije baki.

"Baba, kawo wuyan nan, minti ɗaya ne."

Ya zauna. Mai aski ya kama haɓarsa ya fizga. Ranar ya ji sakayau, har da yi wa matarsa gori. Washegari ya tashi yatsunsa biyu na dama sun mutu. Ya ɗauki ɗan sukundireba, ya suɓuce. Ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa. Ranar ce ya fara mayar wa mutum agogonsa ba tare da ya gyara ba.

Matar ba ta nemi shawararsa ba, ta kira Auta a waya. Ranar Asabar da hantsi sai ga sallamar Auta a ƙofar falo.

Ya so ya waiwaya da sauri, wuyan ya ƙi. Da ya juyo, sai ya ga ta ƙara girma, har ta fara sa tabarau. Bai san yaushe ta fara sawa ba. Wannan ya fi yatsun yi masa zafi.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Da ta ji abin da ya faru, sai ta girgiza kai.

"Baba, wuya ba abin wasa ba ne, jijiyoyi ne cike a wurin. Ba kowa ake yi wa wannan gyaran ba, ba kuma kowa ya iya ba. Sai an yi hoto tukuna."

Ta kai shi asibiti. Hoton ya nuna babu karaya, jijiya ce ta danne. Sai da yatsun suka fara dawowa sannan ta fara aikinta. Takan kwantar da shi rigingine, ta sa tafukanta ƙarƙashin ƙeyarsa, ta motsa wuyan a hankali, ta danna ƙashin bayansa tsakanin kafaɗu. Ta koya masa motsa jiki na safe da yamma, ta sa kafinta ya ƙara wa teburinsa tsawo.

Kowace Asabar take zuwa, tafiyar awa biyar. Da yake in yana kwance ba ya ganin fuskarta, magana ta fi zo masa da sauƙi. Ya tambaye ta aikinta. Ta ba shi labarin wata malamar makaranta da aka kawo musu a kan keken marasa lafiya, ta koma gida da ƙafarta.

Bayan wata biyu ciwon bai tafi duka ba, amma yana waiwaye, yana barci, ya koma kan agogunansa. Auta ta ce daga yanzu zuwanta bayan wata uku-uku ya isa.

Ba a yi kwana biyar ba ya ɗauki waya da kansa.

"Auta, wuyan nan fa ya dawo."

Ta zo. Ta taɓa kafaɗunsa, ta ji su laushi. Ta ce ya duba hagu, ya duba. Ta ce dama, ya duba har yana ganin bango. Sai ta zauna a bakin gadon.

"Baba, wuyan nan lafiyarsa lau. In ni kake son gani, ka ce ni kake son gani."

Ya kalli yatsunsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ke nake son gani. Na yi kewarki, Auta. Abin da na faɗa miki a gaban mutane ban kyauta ba, ki yafe mini."

"Na yafe tun tuni, Baba. Kiranka kawai nake jira."

Daga kicin mahaifiyarta ta ce, "To alhamdulillahi, sai a bar wuyan bawan Allah ya huta da ƙarya."

Har yanzu Auta tana can garin da take aiki, ba kowane mako take samun zuwa ba. Wata Asabar ɗin shi ne yake kulle shago tun da safe, ya sa sabuwar riga, ya nufi tasha.

Darasi: Kada ka raina sana'ar ɗanka don ba ita ka zaɓa masa ba, kuma kada girman kai ya hana ka cewa "na yi kewarka" tun mutum yana jin muryarka. Wuya kuma ba kowa ake miƙa wa ba, a je wa masana. Ka tura wa wani labarin nan, wataƙila akwai mai jiran kiransa.