Wanda Ya Kulle Manhajar Makafi

An ce a wani gari an yi wani ɗan kasuwa, sunansa Alhaji Nomau, wanda ya ɗauki abin da jama'a suka sha wahalarsa ya sa masa kwaɗo, sannan ya kai ƙarar masu abin gaban alƙali. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna mai daɗin ji. Mutumin ba jahili ba ne, ba kuma yunwa ta sa shi ba. Kantinsa na kwamfuta shi ne mafi girma a garin, shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar kwamfuta, kuma ya san sarai abin da yake yi.

Ga yadda abin ya faru. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tashi da ita, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. Iri biyu ce. Akwai ta kamfanoni, wadda ake saye a rufe: ka yi aiki da ita, amma ba ka ganin rubutun da aka gina ta da shi, balle ka taɓa shi. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka rubuta, suka bar wa kowa. Ka ɗauka, ka duba cikinta, ka gyara, ka sayar ma in ka sami mai saye. Sharaɗi ɗaya suka gindaya, cewa duk wanda ya ƙara mata wani abu ya miƙa wa wani, to ya miƙa ta a buɗe kamar yadda ya same ta.

A garin akwai wata mata, Malama Kubura, mai koya wa makafi kwamfuta a wata 'yar cibiya. Makaho ba ya ganin allon kwamfuta, sai dai ta karanta masa da murya. Manhajar kamfanoni tana karantawa, amma ba da Hausa ba. Sai Malama Kubura ta ɗauki buɗaɗɗiyar, ita da ɗalibanta suka shiga koya mata Hausa. Bayan la'asar sukan zauna a rumfa, na'urar ta faɗi kalma, makafin su saurara. In ta karkace su ce ba haka ake faɗa ba, Malama ta gyara, a sake. Shekaru suka yi a haka, babu mai biyan kowa. Babba a cikinsu shi ne Malam Ilu, dattijo mai sayar da turare. Shi ya fi kowa naci, domin kafin nan duk saƙon da 'yarsa ta aiko masa daga gidan aurenta sai wani ya riga shi sanin abin da ke ciki. Da aikin ya kammala suka sake shi ga kowa, bisa sharaɗin da suka tarar.

Alhaji Nomau ya ɗauka. Ba za a yi masa ƙarya ba, ya yi aiki. Ya ɗauki ƙwararru, suka gyara inda muryar ke sarƙewa, suka sa manhajar ta iya tashi a kan sababbin kwamfutoci, abin da ta Malama ba ta iya ba. Daga nan ya sake mata suna, ya rufe cikinta, ya sa mata makulli na shekara. In shekara ta cika ba a sabunta ba, sai kwamfuta ta yi shiru.

Ana nan tsofaffin kwamfutocin cibiyar suka mutu, wani bawan Allah ya ba su sababbi. Malama Kubura ta je kantin Alhaji Nomau ta roƙi gyaran da aka yi, ta tuna masa sharaɗin. Ya ce mata shi kasuwa yake yi, in tana so ta saya kamar kowa. Shekarar farko cibiyar ta saya. Da shekara ta zagayo babu hali, wata safiya makafi suka zauna gaban na'urorinsu, suka danna, ba su ji komai ba. Malama Kubura ta fasa makullin, ta kwafe manhajar ta sa wa ɗalibanta. Labari ya kai wa Alhaji Nomau, ya shigar da ƙara. Ya nemi a kwashe kwamfutocin, a rufe cibiyar, a hana matar koyarwa.

Alƙalin garin shi ne Malam Gwadabe, mutum mai jinkirin magana, wanda ba a taɓa jin ya yanke hukunci cikin fushi ba. Ranar shari'a makafin suka zo suka cika bencin baya, sandunansu a jingine da bango.

Alƙali ya fara ba mai ƙara dama. Alhaji Nomau bai musa cewa ya ɗauki aikinsu ba. Ya tsaya ya gyara babbar rigarsa ya ce:

"Allah ya gafarta Malam, abin da ba shi da mai shi, ranar da ya lalace wa za a kama? Tasu manhajar in ta tsaya, sai ka jira wani ya ga dama ya gyara. Tawa in ta tsaya, ga kantina, ga ƙofata, kafin azahar ma'aikacina ya iso. Magidanta nawa ke ci a ƙarƙashina? Ba da fatan alheri nake biyan su ba. Su suka ce kyauta ce. Kyauta kuwa in ta shiga hannun wanda aka ba, ta zama tasa."

Aka juyo kan Malama Kubura. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yarda manhajar Alhaji ta fi tasu laushi, ta kuma yarda ma'aikatansa sun cancanci haƙƙinsu. Amma ta ce abin da ke rufe, mai shi kaɗai ke yanke abin da zai iya da abin da ba zai iya ba. Sun yi ta rubuta wa manyan kamfanoni suna roƙon a sa Hausa, ko amsa ba su samu ba, domin makafin ƙasar Hausa ba kasuwa ba ne a wurinsu. Buɗaɗɗiyar ce ta ba su damar su yi wa kansu. Ta ce in da waɗanda suka fara rubuta ta sun rufe, da Alhaji kansa bai sami abin ɗauka ba.

Malam Ilu ya yi gyaran murya daga baya, ya nemi izini, aka ba shi.

"Allah ya gafarta Malam, mu makafi ne, amma ba kurame ba ne. Bakin da muka koya wa magana shi aka sayar mana, kuma aka ce in ba mu sake biya ba zai daina gaishe mu."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alƙali bai yi ba. Ya ce ba a ɗora shi kan wannan kujera don ya zaɓi wace manhaja ta fi ba. Kowace tana da amfaninta. Wanda ya zauna ya rubuta tasa tun daga tushe, ya rufe ya sayar, halalinsa ne, kuma ita kanta kotun da irin wannan take aiki. Wanda ya rubuta ya bar wa duniya, ladansa yana wurin Allah. Maganar da ke gabansa ita ce ta wanda ya haɗa biyun.

Shari'ar kuwa tana da wuya, kada wani ya raina ta. In ya wanke Malama Kubura haka kawai, ya buɗe ƙofa kowa ya fasa makullin kowa, masu sana'ar gaskiya su tashi a banza. In ya ba Alhaji Nomau gaskiya, ya mallaka wa mutum ɗaya wahalar jama'a, makafi su koma neman mai karanta musu sirrinsu. Littattafan da ya karanta kuma sun san sata a matsayin ɗauke abu daga ma'ajiyarsa, a nan kuwa babu abin da ya bar wurinsa. Kowa nasa yana hannunsa.

Sai alƙali ya dubi mai ƙara, ya tambaye shi cikin natsuwa, kamar mai neman a ƙara masa sani, ko sa'ad da ya ɗauki aikin makafin ya cuce su da wani abu.

Alhaji Nomau ya ji tambayar ta yi masa daɗi. Ya ce ko kaɗan. Kwafi ya yi. Nasu yana nan wurinsu, ko harafi ɗaya bai ragu ba. Ya ce wanda aka kwafi abinsa bai yi asarar komai ba, wannan kowa ya sani. Alƙali ya sa ya maimaita da ƙarfi don na baya su ji, ya maimaita.

"To, Alhaji," in ji alƙali, "taka manhajar fa? Bayan Malama ta kwafa, harafi nawa ya ragu a wurinka?"

Alhaji Nomau ya ga inda aka nufa, ya yi maza ya sauya hanya. Ya ce tasa dabam ce, domin shi ya rubuta a jikinta ƙarara cewa bai yarda a kwafa ba, Malama kuma ta gani ta take. Alƙali ya tambaye shi ko yana nufin sharaɗin wanda ya yi abu yana ɗaure wanda ya karɓa. Ya ce ƙwarai kuwa, in ba haka ba ai babu ciniki a duniya. Sai alƙali ya sa magatakarda ya karanta sharaɗin da ke jikin buɗaɗɗiyar manhajar, wanda Alhaji Nomau ya tarar ranar da ya ɗauka. Aka karanta, kowa ya ji.

Alƙali Gwadabe ya ce:

"Alhaji, da bakinka ka kawo hujja biyu, ni ban ƙara maka ko ɗaya ba. Zaɓi wadda kake so in yi maka hukunci da ita. In kwafi ba ya rage komai, ba ka da ƙara, tashi ka tafi. In kuwa sharaɗi yana ɗaure mai karɓa, to kai ya fara ɗaurewa, kuma kai ka fara karya shi. Ka ce kyauta aka ba ka. Ba kyauta ba ce. Kyauta mutum ɗaya ake ba, ta zama tasa. Wannan kamar rijiyar waƙafi ce, an haƙa ta don duk mai ƙishi, har wanda ba a haifa ba. Ɗan ga-ruwa yana ɗiba ya kai gida-gida a biya shi, babu mai cewa ya ci haram, domin ɗaukar da ya yi ake biya. In ya yashe rijiyar ya gyara bakinta, a gode masa. Amma ranar da ya kawo murfi da kwaɗo ya ce tasa ce, ranar ya fita daga sana'a ya shiga ƙwace."

Alhaji Nomau ya ce to ma'aikatansa fa, da me zai biya su. Alƙali ya ce masa ba wanda ya hana shi sayar da hidimarsa. Ya sa wa mutane manhajar, ya koya musu, ya gyara in ta tsaya, ya karɓi ladan aikinsa, kuma tun da ya ce kafin azahar ma'aikacinsa ke isowa, masu saye ba za su guje shi ba. Abin da ba zai sayar ba shi ne izinin shiga abin da ba nasa ba.

Alƙali bai ƙyale Malama Kubura ba. Ya ce mata gaskiya tana wurinta, amma hanyar da ta bi ba daidai ba ce. Ranar da na'urorin suka yi shiru, ƙofar kotu a buɗe take. Mai gaskiya in ya saba karɓar haƙƙinsa da hannunsa, gobe marar gaskiya zai yi koyi da shi, ya ce shi ma haƙƙinsa ya karɓa. Ta sunkuyar da kai ta ce ta ji, ta kuma nemi afuwa. Ya yi mata gargaɗi ya sallame ta, ya ce cibiya ta ci gaba da aikinta.

Abin da ke cikin wannan labari a fili yake. Dokar da kake so ta kama maƙwabcinka, ka fara auna ta a jikinka, domin da ita za a auna ka. Kuma wanda ya tarar da ƙofa a buɗe ya shiga ya amfana, ba shi da ikon rufe ta a fuskar na bayansa. Mutanen zamanin nan suna son su ci na jama'a da sunan kyauta, su hana nasu da sunan haƙƙi. Ba a haɗa su.

Aka kori ƙarar Alhaji Nomau. Aka umarce shi ya buɗe cikin manhajar duka, har da gyaran ma'aikatansa, ya sake ta ga kowa. Aka ɗora masa ya bi duk gida da makarantar da kwamfutarsu ta yi shiru saboda makullinsa, ya cire shi da hannunsa, ba aike ba. 'Yan kasuwar kwamfuta na garin kuma suka sauke shi daga shugabancin ƙungiyarsu, ba su sake zaɓensa ba.