Bulo Ɗaya Da Tasalla Ta Hana A Sa

Dalilin da ya sa kowace katanga a Tudun Marke take da kafa guda daidai ƙirjin mutum, ba sakacin magina ba ne, ba kuma bulo ne ya ƙare ba. Na san an ce muku wai don iska ne. Wanda ya faɗa muku haka baƙo ne a unguwar nan, ku ƙyale shi. Ku matso kusa, ke kuma mai shan rake ki juya bakinki can, kada ki tofa min a zane.

A da, nan duk gonaki ne. Inda makarantarku take yanzu rogo ake shukawa, kuma in mutumin birni yana son ya ce abu ya yi nisa, sai ya ce kamar Tudun Marke.

To, a can cikin birni, a wani lungu da ko jaki sai ya karkace yake wucewa, akwai wata mata mai suna Tasalla, da maƙwabciyarta Yalwa. Katangar ƙasa ce tsakaninsu. Wata damina ta zaizaye ta har ta dawo daidai ƙirji, mazajensu kuwa kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya kira magini, har Allah ya karɓi ransu ba wanda ya kira. Ta kan katangar nan matan suke komai. Garwashi, kanwa, tsegumi, har jariri ana miƙawa in uwarsa za ta shiga wanka. Tun suna amare suke haka har furfura ta fito musu. Faɗa kuwa ba a magana. Da safe za su yi ka-ce-na-ce a kan kazar da ta tsallaka, da azahar kwanon tuwo ya bi ta inda kazar ta bi.

Gidan su Tasalla gidan gado ne, ya cika ya batse. 'Ya'yan wa, 'ya'yan ƙane, kowa da iyalinsa, har ya zama tsakar gida ba inda za a shanya tabarma. Sai magada suka ce a sayar a raba. Mudi, ɗan Tasalla, mai sayar da yadi a kasuwa, ya duba rabonsa ya ga ko zaure ba zai saya masa a birni ba. Nan Tudun Marke ne kaɗai hannunsa ya kai.

Ranar tashi, Yalwa ta dafa katanga tana kallon ana ɗaure kaya.

Ta ce, "Yanzu ke da girmanki za ki koma daji, ki zauna da zomaye?"

Tasalla ta ce, "Zomayen ma ai sun fi ki ladabi."

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Yalwa ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Akwai fili a gefenku?"

"Akwai, ta gabas. Ba kowa sai ciyawa."

"To ki tsare min shi. Namu gidan ma na ji magada suna ƙus-ƙus. Da an sayar zan matsa wa Sallau, ko yana so ko ba ya so."

Sallau shi ne babban ɗan Yalwa. Tasalla ta ce, "Alkawari kaya ne fa."

Yalwa ta ce, "Na ɗauka."

Da suka iso nan, an rufa ɗakuna amma katanga ba ta kammala ba. Tasalla ta zauna a kan turmi tana kallon Nomau magini yana jera bulo ta gefen gabas. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya doshi ƙirji, ga kuma buhun fasassun kwalabe an ajiye za a kakkafa a sama.

Ta ce, "Malam Nomau, wannan kurkukun wa ake ginawa?"

Ya ce, "Iya, haka ake yi yanzu. Kowa nasa ya sani."

"To tsaya nan. Wannan bulon da ke hannunka, ajiye shi. Ka tsallake wurinsa ka ci gaba."

Nomau ya kira Mudi. Mudi ya zo ya yi ta lallashi, ya kawo zancen ɓarayi, ya kawo zancen macizai, ya ce mutane za su ɗauka kasawa ya yi. Tasalla ta ce ɓarawon da zai shige ta wurin bulo ɗaya, a bar shi ya shigo, yunwa ce ta koro shi. Ku kun san tsohuwa in ta kafe, gara ka ja jaki zuwa ruwa.

Daga ƙarshe Mudi ya ce, "To Inna, mu yi sharaɗi. A bar shi. Amma ran da aka gina filin nan, in ba su Baba Yalwa ba ne, za a toshe."

Ta ce, "Na yarda. Ai su ne."

Zaman Tudun Marke a wancan lokaci ba irin naku ba ne. Gidajen ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kowanne can nesa da ɗan'uwansa, tsakaninsu kangwaye da dawa. Mutanen kuwa daga ko'ina suke, ga malamin makaranta, ga ɗan sanda mai ritaya, ga tela, duk tsadar haya ce ta koro su, ba wanda ya san kakan wani. Da an idar da asuba sai kowa ya bazama bakin titi neman mota, sai magariba a dawo a gajiye a rufe ƙofa. Mudi ya tafi kasuwa, matarsa ta tafi koyarwa, yara ma birni ake kai su makaranta. Unguwar kwana ce kawai. Tasalla ta saba tashi da ƙarar daka daga gidaje goma, a nan kuwa in ta saki luguden taɓarya, ita kaɗai take jin abinta.

Sai ta ɗauki kujerarta ta kai gindin kafar nan. Ta ciki take kallon filin Yalwa. Ta tsara masa komai a ranta: nan ɗakin tsohuwa, nan madafa, kuma lalle madafar ta jingina da katanga don kada miƙo abu ya yi wahala. Da damina filin ya yi kore shar, da rani ya bushe awaki su shiga. Wani lokacin sai ta dafa ɗanwake, ta zuba kwano biyu, har ta miƙe da na biyun kafin ta tuna. Kewa ta ci ta ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba. Kullum Mudi ya dawo, kafin ya cire takalmi za ta tare shi.

"Ka biya ta lungu?"

"Na biya, Inna. Tana gaishe ki. Ta ce magada ba su daidaita ba tukuna."

Lokacin waya ba ta zo hannun kowa ba, Mudi ne wayarsu. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

Ran nan da hantsi sai ga mota ta juye yashi a filin gabas. Tasalla ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Ta sa an kama zakara, ta ce wa matar Mudi ai Yalwa ce take son ta ba ta mamaki, halinta ne. Da Mudi ya dawo ya ga zakara a tukunya, sai ya tsuguna a gabanta ya kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Inna, ba su ba ne. Wani direban babbar mota ne ya saya. An sayar da gidan su Baba Yalwa tun watan jiya, na rasa yadda zan gaya miki. Wurin aikin Sallau sun raba wa ma'aikata filaye a can yamma, bayan gari. Can suka koma."

Tasalla ta tashi ta ɗauko wani tsohon zane, ta dunƙule shi, ta cusa a kafar.

Daga nan gabashin birni zuwa yammacinsa mota uku ake hawa, ga gwiwoyin tsufa. Amma gaskiya ba gwiwa ce ta hana ta ba, fushi ne. Yalwa ta yi ta aiko da gaisuwa ta bakin Mudi, Tasalla ta ce, "Wadda ta ajiye kayan da ta ɗauka, ita ya kamata ta tako." Can kuma Yalwa ƙafa ta kumbura, ko ƙofar gida ba ta kaiwa. In zuciyar Tasalla ta yi sanyi sai ta ce bayan Salla za ta je. Salla ta wuce, ta ce bari ruwa ya ɗauke.

Direba ya gama gininsa, ya kawo matarsa, wata yarinya daga can gabas mai nisa, Hausarta ma ba ta nuna ba. Shi kuma in ya tafi sai ya yi mako biyu a hanya. Tasalla tana jin motsinta ta bayan katanga, tana jin ta tana yi wa jaririnta waƙa da wani yare, wani lokacin waƙar ta koma kuka. Amma ko kallo yarinyar ba ta ishi Tasalla ba. Haushin kaza, huce a kan dami. Mudi ya sayo bulo guda ya jingine don cika sharaɗi, Nomau kuwa aiki ya yi masa yawa, kullum sai ya ce gobe.

Ana nan, wata Laraba Mudi ya dawo tun rana ba ta karkata ba. Da Tasalla ta ga fuskarsa, sai ta ajiye tsintsiya ta yi salati. Yalwa ta rasu.

Washegari suka hau motocin nan uku. Unguwar su Yalwa ta zama kamar an ɗauko Tudun Marke an dasa a yamma: kangwaye, dogayen katangu, shiru. Tasalla ta shiga ta zauna cikin mata, ta yi gaisuwa, idonta a bushe. Can sai matar Sallau ta zo ta durƙusa.

Ta ce, "Baba, ki taso ki ga wurin zamanta."

Ta kai ta bayan madafa. Ga 'yar kujera ta sha zama har ta yi sulɓi. A samanta, daidai ƙirji, babu bulo guda a jikin katanga. Tasalla ta sunkuya ta leƙa. Fili ne, ba kowa sai ciyawa.

Matar Sallau ta ce, "Sai da ta yi kwana biyu ba ta magana da maigidana a kan wurin nan. Ta ce tunda ita ta kasa zuwa, ke za ki zo. Ko mai gyaɗa ya tsaya a filin nan sai ta leƙa ta ce masa yana da mai shi, na Tasalla ne."

Nan Tasalla ta zauna a kan kujerar, ta kifa goshinta a bakin kafar, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da aka juye yashi. Tana kuka tana faɗa, kamar yadda suka saba: "Ke dai ba ki da wayo, Yalwa. Ni ina can ina tsare miki, ke kina nan kina tsare min. Wa zai je wurin wa?" Da-na-sani ƙeya ce, yara, a baya take.

Da suka dawo gida, sai suka tarar goben Nomau ta zo. Ya kwaɓa siminti, ya ɗauki bulon, yana jiran a buɗe masa. Tasalla ta wuce shi ba ta ko cire mayafi ba, ta kama tsohon zanen nan ta fizge. Ƙura ta tashi. A ɗaya gefen ga matar direba tsaye da goyo, ta ji labarin rasuwar amma ba ta san ta inda ake shiga a yi gaisuwa ba.

Ta ce, "Iya, sannu. Allah ya jiƙa."

Tasalla ta daɗe tana kallonta. Ba fuskar da take jira ba ce, ba kuma za ta taɓa zama ita ba. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, yaya sunanki?"

"Falmata."

"To Falmata, ja kujera."

Mudi ya dubi Nomau, Nomau ya ajiye bulo ya wanke hannunsa. Ba a sake ta da zancen sharaɗi ba.

Falmata ce ta sa mijinta ya cire bulo a katangarsu ta ɗaya gefen, matar tela ta gani ita ma ta tayar da rigima a gidanta, abu ya yi ta bin gida-gida. Shi ya sa har yau magini a Tudun Marke, in ya kai daidai ƙirji, sai ya tsallake bulo guda ba sai an gaya masa ba, ko da filin da ke gefe ba a san mai shi ba. In kuwa kuka ga wata tsohuwa ta tsaya tana leƙa kafar, alhali babu komai a bayanta sai ciyawa, kada ku tambaye ta abin da take kallo. Ku gaishe ta, ku wuce.