Ranar da Merv Ya Aske Maƙabarta

A garin Yallabin akwai wani dattijo mai suna Mervyn Trethowan, wanda kowa ke kira Merv. Mutum ne mai son taimako, amma yana da hali ɗaya da ya gagari kowa: ba ya tambaya. A ganinsa tambaya aikin wanda bai sani ba ne, shi kuwa tunda yake bai taɓa cin karo da abin da bai sani ba. Bayan ya ajiye tuƙin babbar mota, matarsa kuma ta rasu, sai ya mayar da duk ƙarfinsa kan ciyawar ƙofar gidansa. Ya sayi injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa, ja jawur. Duk ciyawar da ta kuskura ta ɗaga kai a gidan Merv ba ta kwana.

Tsohuwar maƙabartar garin tana kan tudu bayan coci. Tun zamanin masu haƙar zinariya take, kuma an daɗe da daina binne kowa a cikinta, sai ta koma wurin shan iskar masu rai. Da safe masu karnuka ke zagaya ta, da rana ma'aikatan kanti su zo cin abinci a inuwa, mata su turo kekunan jarirai tsakanin kaburbura. A ƙarƙashin wani babban itacen turare akwai benci inda tsofaffi ke zama da fulas ɗin shayi. Wannan bencin ne ya hana kaɗaici cinye Merv, domin a kansa Noelene Pascoe take zama.

Noelene ita ce shugabar masu kula da maƙabartar, mijinta ya daɗe da rasuwa. Merv yana sonta so na gaske, irin wanda ke sa dattijo ya goge takalmi don zuwa maƙabarta. Ya yanke shawara a ransa cewa ranar Asabar, ranar da baƙi ke zuwa kallon furanni, zai nemi aurenta.

Furannin suna can kusurwar gabas, cikin doguwar ciyawa. Garma ba ta taɓa shiga wurin ba, katanga kuma ta hana tumaki, shi ya sa ciyawar asali ta ƙasar ta tsira a nan bayan ta ɓace a duk gonakin yankin. A cikinta ake samun wani ɗan fure ruwan ɗorawa da ake kira kunnen jaki, wanda Noelene ta fi ƙauna. Kowa a Yallabin ya san ba a yanke wannan ciyawa sai bayan Kirsimeti, idan iri ya zuba. Noelene ta sha yi wa Merv bayanin haka, amma shi fuskarta yake kallo yana gyaɗa kai. Abin da idonsa ke gani a kusurwar gabas ƙazanta ce kawai da gidan macizai.

Ranar Alhamis ya ji ta ce wa wata ƙawarta, "Kusurwar gabas ce ke hana ni barci. Ina so baƙi su zo su ga abin da ba su taɓa gani ba."

Da yamma ya tsaya shagon abokinsa Stavros, mai soya kifi da dankali, ya faɗa masa shirinsa.

"Gobe da sassafe zan gyara mata wurin nan tas. Ta zo ta gan shi kamar filin ƙwallo."

Stavros ya ajiye matsami. "Kai, mutumina, ka tambaye ta?"

"In na tambaye ta ina mamakin yake?"

"Merv, ka tambaye ta. Ciyawar nan ba irin ta gidanka ba ce."

"Ciyawa ciyawa ce. Kai dai ka ji da kifinka, ga shi can yana ƙonewa."

Washegari, kafin masu karnuka su fito, Merv ya hau injinsa ya nufi tudu. Ya shiga kusurwar gabas ya fara aiki, yana fito. Watan Satumba ne, lokacin da hankakin wannan yankin masu fari da baƙi ke renon 'ya'ya, suna kai wa mutane sara a ka. Na maƙabarta dai ba su taɓa taɓa kowa ba, don sun san fuskar kowa, ana ma gaishe su. Amma da injin ya bi ta ƙarƙashin sheƙarsu ya firgita ɗansu da ke koyon tashi, sai uban ya sauko ya ɗauke hular Merv. Maimakon ya ja da baya, Merv ya tsaya kan injin yana jifan tsuntsun da takalmi. Uwar ta zo ta baya ta sare shi a sanƙo. Duk da haka bai tafi ba sai da ya aske wurin ƙal, bai bar ko tsinke ba. Noelene kuwa ba ta leƙo maƙabarta a ranar ba, labari ma bai kai mata ba.

Ranar Asabar ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. Yana sa ƙafa a ƙofar maƙabarta hankakin suka gane shi, suka bar kowa suka yo kansa. Ya koma gida da gudu, ya ɗauko robar askirim, ya zana mata idanu biyu a baya kamar yadda ake yi don tsuntsu ya zaci ana kallonsa, ya kifa a ka ya dawo.

Ya tarar da mota cike da baƙi ta iso, kowa da kyamara a wuya. Suna tsaye jugum a bakin kusurwar gabas. Wani tsoho da ya yi tafiyar rabin yini ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin furanni cikin yankakkiyar ciyawa. Noelene na gabansu, ta riƙe wani ɗan fure da aka raba biyu.

"Wane ne ya yi wannan?" in ji ta, muryarta ƙasa ƙasa.

Merv ya matso yana murmushi, roba a ka. "Ni ne, Noelene. Don ke na yi."

Stavros, wanda shi ma ya zo kallo, ya rufe fuska da hannu. Wata baƙuwa ta ce, "Mun zo ganin kunnen jaki, ga shi mun ga jakin gaba ɗaya." Dariya ta ƙwace wa wasu, suka yi ta mayar da ita tari.

Sai a lokacin Merv ya dubi abin da ke hannun Noelene, ya gane ɓarnar da ya yi. Amma da yake ya riga ya haddace maganarsa, kuma bai iya canja hanya ba, sai ya durƙusa kan gwiwa ɗaya. Wani hankaka ya sauko ya buga robar, ƙwal.

"Noelene, za ki aure ni?"

Ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Idonta ya ciko.

"Ka tashi, Merv, za ka ɓata wandonka. Na daɗe ina zaune kan bencin can ina jiran ka tambaye ni wani abu, ko me ne ne. Da wannan tambayar ka yi mini ranar Alhamis, da na ce na yarda. Da ka tambaye ni kafin ka yanke ciyawar, da furannina suna nan. Yau kam ba ni da amsar da zan ba ka."

Ta juya ta ja baƙinta zuwa wajen shayi. Merv ya tashi a hankali ya kama hanyar ƙofa shi kaɗai, hankaki biyu suna raka shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan babu tambaya. Wurin da jama'a ke amfana da shi, ko da tsohuwar maƙabarta ce, yana da ƙa'idojin da suka raya shi tun kafin ka zo, kuma abin da kake gani ƙazanta wataƙila shi ne dukiyar wurin. Kafin ka gyara abin da ba naka kaɗai ba, ka sauke girman kai ka tambayi masu shi. Tambaya ba ta rage wa kowa daraja, amma rashinta yana iya raba mutum da abin da ya fi so a duniya.