Guɗar Tasalla a Bakin Daji

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata mata a garinmu na da, Tasalla mai guɗa. In ta kama hanci ta rangaɗa, har kaji sai sun bar tono. Ba a kai amarya sai da ita, ba a haihuwa sai ta sanar.

Wata rana ta goya jikanta Ɗanjuma, ta tafi bakin daji ɗibar itace. Tana ɗaure dami sai ga Kura.

Kura ta ce, "Sauke goyon nan, shi ne kalacina. In kika yi kururuwa, kafin maza su ɗauko sanduna na haɗiye shi. Na san ihu, na san ƙaho, na san gangar farauta, ba wanda za ki ruɗe ni da shi."

Tasalla ta ajiye damin. Ta ce, "Haba, uwar daji! Babba kamarki za ta zauna cin abinci shiru kamar ɓarauniya? An taɓa yi miki guɗa kuwa?"

Kura ta ce, "Ko sau ɗaya."

"To gyara zama."

Tasalla ta kama hanci: "Ayyururui!" Mata a gari suka tsai da daka.

Kura ta lumshe ido, ta ce, "Ƙara!"

"Ayyururui!" Mata suka ce, "Muryar Tasalla ce. Ba a biki a daji, lalle wata ce ta haihu a hanya!"

Kura ta baje ƙafa, ta ce, "Ƙara, ƙara!"

"Ayyururuuui!"

Yara, kun san mu mata: in aka ce haihuwa, ba mai tsayawa neman takalmi. Wata ta fito da taɓarya a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Wata da muciya. Masu hankali suka sauke tukwanen tafasasshen ruwa, don wankan mai jego.

Kura tana kwance tana jiran guɗa ta huɗu, sai ta ji ruwan zafi a gadon baya, shaaa! Taɓarya ta sauka a ƙugu, tim! Ta zabura tana jan gindi. Ɗanjuma kuwa ko farkawa bai yi ba.

Shi ya sa har yau bayan Kura dabbare-dabbare, ƙugunta a sage. Wannan kukan da take yi kamar dariya, guɗa take koyo, ta kasa.

Wauta ce ka ce ka san duk wani kira alhali ba ka san masu amsa shi ba. Kura ta ƙirga maza, ta manta da mu. Ni kuwa da kuke gani, hancin Tasalla gare ni, kuma ina taƙama da shi.

Ƙurunƙus kan Kura mai ƙonannen baya! Kowa ya tashi, wuta ta mutu.