Gidan da Ilu Ya Kama da Sunan Matarsa

Ilu ɗan Fagge ne, kuma ya shekara bakwai yana saro takalma a birnin Guangzhou na ƙasar Sin yana aikawa Kano. Mutum ne mai fara'a da iya magana, sai dai yana da wani hali: idan abu ya ɓaci ba ya tsayawa ya gyara, sai ya rufe shi da murmushi ya wuce. Shekarar da kasuwa ta tsaya masa, ya yi wata biyar bai biya hayar gidan da yake ciki a unguwar Xiaobei ba. Maimakon ya zauna da dattijon da ke da gidan su fahimci juna, sai ya kwashe kayansa wata ranar Lahadi, ya bar makulli a jikin ƙofa, ya canza lambar waya.

Bayan shekara biyu ya auri Najiba. Ita ma 'yar kasuwa ce, tana saro jakunkuna da mayafai, kuma masu shaguna a kasuwar Sanyuanli sun san ta da cika alkawari, har kaya suke ba ta ta biya daga baya. Suka tare a ɗaki guda a wani otal mai araha, ba kicin, ba wurin shanya. A kan akwati take ɗora tukunyar lantarki ta dafa shinkafa. Da cikinta ya kai wata huɗu, ta ce masa, "Yaya, ba na so in yi jego a otal. Mu nemi gida, ko ɗaki da falo ne."

Suka shiga nema. Duk inda suka je, dillali zai nuna musu gida da fara'a, amma da ya karɓi fasfon Ilu ya duba wayarsa, sai fuskarsa ta canza. "Meyo," in ji shi, wato babu. Tun a wuri na biyu Ilu ya gano dalili, domin dillalin ya ja shi gefe ya nuna masa hoton fasfonsa a wani zaure da dillalan gidaje suke da shi a waya, inda suke gargaɗin juna kan 'yan hayar da suka gudu. Bai gaya wa Najiba ba.

Ranar da aka mayar da su karo na shida, ta fashe da kuka a cikin jirgin ƙasa. "Don mu baƙaƙe ne, ko? Me muka yi musu?"

"Haka suke," in ji Ilu. "Ki yi haƙuri."

Bayan kwana biyu ya ce mata takardunsa suna wurin sabunta biza, gara su gwada da nata fasfon. Ta yarda. Ta je wurin Alhaji Mahamudu, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya daɗe yana yi mata lodin kaya, ta roƙe shi ya tsaya musu. Alhaji ya san wata mai gida kusa da titin Huanshi Lu, ana kiranta Madam Liang. Kafin su tafi wurinta ya dubi Ilu ya ce, "Ɗana, maganata zan bayar a kanku. Akwai wani abu a bayanka da ya kamata in sani?"

"Babu komai, Baba."

Madam Liang ta nemi hayar wata uku da kuɗin ajiya na wata biyu. Najiba ta sayar da sarƙa da awarwaron zinaren da ta gada a wurin kakarta, ta biya, ta sa hannu cewa babu mai wata matsalar haya a cikinsu. Suka tare. Ta rataya labule, ta tuƙa tuwo da miyar kuka karon farko tun zuwanta gidan aure, ta kira mahaifiyarta a waya tana zagayawa da ita ɗaki ɗaki, tana nuna mata inda za a ajiye gadon jariri.

Kwana goma sha ɗaya suka yi a haka. Dole ne baƙo ya yi rajistar inda yake zaune a wurin 'yan sanda, shi kuwa Ilu kullum sai ya ce gobe. Da Madam Liang ta gaji, ta zo da kanta ta karɓi fasfonsa, ta ɗauki hoto, ta tura wa dillalinta ya cike takarda. Washegari da hantsi ta dawo tare da Alhaji Mahamudu da wani tsoho mai sanda. Ilu na ganin tsohon sai ya sunkuyar da kai, domin shi ne mai gidan Xiaobei da ya gudu bai biya ba.

Alhaji ne ya fassara, muryarsa ƙasa ƙasa. Tsohon ya ce da hayar gidan nan yake sayen maganin matarsa, kuma ya yi wata uku yana zuwa Xiaobei yana nuna hoton Ilu a shaguna. Madam Liang ta ce an yi mata ƙarya a rubuce, don haka kuɗin ajiya ya tafi, kuma ta ba su mako guda su tashi.

Najiba ta dubi Alhaji. "Baba, nawa ne yake binsa?"

Alhaji ya faɗa mata. Ta juya ta dubi mijinta, hawaye na zuba.

"Yaya, zinaren da na sayar ya fi wannan. Da ka faɗa min, da mun je mun biya bawan Allahn nan, mun nemi gafararsa, mun kama gida da sunanka. Ka bar ni ina kuka a jirgi, ina ɗaukar alhakin mutanen da ba su yi min komai ba."



Alhaji Mahamudu ya biya tsohon daga aljihunsa. A matakala ya ce wa Ilu, "Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Shekara ashirin ina tsaya wa 'yan uwanmu a garin nan. Gobe idan wasu ma'aurata suka zo neman gida, wa zai saurare ni?"

Kafin mako ya cika, hoton fasfon Najiba ya shiga zauren dillalai kusa da na mijinta. Labari ya kai Sanyuanli, masu shagunan da suke ba ta kaya suka ce sai da kuɗi a hannu. Ta kwance labulenta, ta sayar da tukwane da rabin kuɗinsu, ta sayi tikitin Kano. A filin jirgi ba ta yi masa faɗa ba. "Allah Ya kiyaye hanya" ma shi ya ce, ita "amin" kawai ta amsa.

Ta haifi mace. A waya Ilu ya ga 'yarsa, yana zaune a gefen gadon otal. Auren bai mutu ba, amma har yau idan ya ce mata ya turo kuɗin madara, ba ta cewa ta gode sai ta ga saƙon banki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, talauci da karyewar kasuwa ba abin kunya ba ne, kowa suna iya samunsa. Abin da ya kayar da Ilu gudu ne da ɓoyo. Wanda sunansa ya ɓaci ya koma inda ya ɓata shi ya gyara, kada ya ari na wani ya lulluɓa, domin shi ma zai ɓata shi. Kuma duk wanda zai haɗa rufi da abokin zama, ya gaya masa nauyin da yake ɗauke da shi tun kafin a sa hannu. Gaskiya mai ɗaci ana iya haɗiye ta tare, amma amanar da ta tsage ba ta komawa yadda take.