Keken Da Ya Fizgi Inna

Akwai wani injiniya da 'yan layin masu gyaran lantarki ke kira Ƙwaro, don ya iya aiki, kuma ya san ya iya.

Mahaifiyarsa, Inna, ta yi shekara biyu ƙafa ba ta ɗaukarta. Ko uku ne? Ku yi mini uzuri, kan nawa ya fara yoyo. Burinta ɗaya ne: ta je ta duba yayarta da ke kwance a ƙarshen layi, ba tare da an kinkime ta kamar buhu ba.

Sai Ƙwaro ya ɗaura wa kekenta na marasa lafiya wani injin lantarki mai juya taya, irin wanda ake kira moto marar buroshi, da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai ba shi umarni. Ya ɗage tayoyin sama a kan benci, ya kunna, suka yi ta juyawa sumul.

Wani tsoho mai gyaran fanka a shagon kusa ya leƙo.

"Ɗana, ina sensa, idanun moton? Irin wannan makaho ne in yana tsaye. Sai ya yi gudu ƙwaƙwalwar ke gane inda yake, Innarka kuwa ba tsere za ta ba. Ɗora masa nauyi ka gwada shi a hankali."

Ƙwaro ya yi dariya. "Baba, ka tsaya a fankarka. Lissafina ya fi ƙarfin sensa."

Ranar tafiya Inna ta sa sabon mayafi, ta rungume kwalbar man zafi da za ta kai wa 'yar'uwarta. Ta taɓa maɓallin keken a hankali. Moton ya yi gurnani, ya ja baya, sannan ya fizga gaba. Ta faɗo a kan siminti, ƙugu ya karye.

Tana asibiti, kwana tara, aka zo da labarin yayarta ta cika. Ba ta yi wa ɗanta faɗa ba. Kai kawai ta juya wajen bango.

Ƙwaro ya je shagon tsohon, kansa a ƙasa. Tare suka sa sensa uku, suka gyara umarnin yadda moton zai tashi sannu-sannu. Da aka sallamo Inna, tsohon ya zauna a kan keken a tsakar gida, keken ya tafi lallaɓa-lallaɓa, ko ruwan kofin hannunsa bai zube ba.

Ƙwaro ya ce, "Inna, duba, ya gyaru!"

Ta ɗaga labule daga kan gado, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. To amma wurin wa zan je?"

Darasi: Ilimi bai hana a saurari na ƙasa da kai ba, kuma abin da uwa za ta hau, gwada shi da nauyi kafin ka ɗora ta. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuke ƙauna, tun gyara yana da amfani.